Hawan Ƙaho, Daga Karar Illela Zuwa Kwatar Sebiya

Wata ranar Lahadi, Babbar Sallah saura 'yan kwanaki, na raka kawuna karar Illela. Hutu na zo gida Garu, ba ni da abin saye ba ni da na sayarwa, nawa dai tuƙa babur da riƙe jaka. Wajen la'asar ana lodin shanu a wata tirela mai zuwa Legas, sai wani jan sa rahaji ya fizge igiya daga hannun masu jansa, ya diro daga kan tudun lodi ya faɗa cikin mutane. Kara ta watse. Dillalai suka zubar da takalma, mai fura ta bar ƙwaryarta, samari suka ɗare kan motoci, kowa ya zaro waya yana ɗauka. Har da ni, ba zan ɓoye ba. Kawu kaɗai na ga bai gudu ba. Ya ja baya kaɗan ya tsaya jikin wani turke yana kallon san kamar wanda ya hangi tsohon aboki. An fi rabin awa ana fama kafin a samu a zarga masa igiya a ƙafa.

A hanyar komawa, yana bayana a kan babur, ya ce, "Ɗan nan, ka ga abin kunya yau? Samari sun fi ɗari, babu guda da yat tare shi. Zamaninmu, in da makaɗi kusa, da wani ya zamna tsakanin ƙahonnin ga tun bai kai bakin kara ba."

Kawu wan mahaifiyata ne, kuma Barunje ne gaba da baya, wato mahauci ɗan mahauci, kamar yadda muke faɗa a ƙasar Sakkwato. Yana da tabo a cinyar hagu mai tsawon taƙi guda, wanda muna yara muke roƙonsa ya nuna mana. Ni kuwa duk shekarun da na yi a jami'a ina karatun kimiyyar kwamfuta, in aka tambaye ni sana'ar dangin uwata sai in ce 'yan kasuwar dabbobi ne. Ban yi ƙarya ba, amma na san abin da nake kauce wa. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san yadda fuskar wasu iyaye ke sauyawa in aka ce mai neman 'yarsu jinin mahauta ne. Abin da ya faru a kara ran nan shi ya zaunar da ni gaban Kawu dare uku, ina tambayarsa wasan da ya bar masa wannan tabo.

Hawan ƙaho wasan mahauta ne, kamar yadda wasa da wuta yake na maƙera. Ba a yinsa don kawai an ga sa. Yana da lokutansa: jajibirin Sallah, musamman Ƙarama da kowane gida ke neman naman shanu, da naɗin Sarkin Fawa, da bikin ɗan wani babban mahauci, da manyan ranakun sarki. Akan zaɓi sa mai ƙarfi, mafaɗaci, daga cikin waɗanda za a yanka, a ɗaura masa igiya biyu, ɗaya a gaba ɗaya a ƙafar baya, kowacce da ƙarti riƙe da ita. A zaga gari da shi, masu kalangu na biye, yara na ihu, mata na leƙe ta kan danga, har a kai shi fili, galibi ƙofar fada ko bakin kasuwa. A nan masu igiya su sassauta, a tsokane shi har ya fara tonon ƙasa da kofato. Sannan makaɗi ya gyara zaman kalangu a hammata ya kama taken wani saurayi.

Wanda aka kaɗa wa take ba shi da sauran zaɓi. Tsuma ta kama shi, ya fito fili da warki da layu da guraye, ya ɗaga hannu ya yi kirari, ya ambaci ubansa da kakansa da garuruwan da ya yi wasa. Ba wuƙa a hannunsa, ba sanda. Ya tunkari sa gaba da gaba, da zarar san ya sunkuyar da kai zai kawo suka, a wannan ƙiftawar idon zai faɗa tsakanin ƙahonnin, cikinsa a kan goshin sa, hannuwansa rungume da wuya. Sa ya ɗaga kai ya yi sama da shi, ya yi ƙasa, ya girgiza hagu da dama yana neman ya yar. Gwani shi ne wanda zai manne har san ya gaji, sannan ya sauko da ƙafafunsa, ba a ɗauke shi ba. Masu igiyar baya kuwa, bayan Allah, a hannunsu ransa yake, domin in abu ya ɓaci su ne za su fizge ƙafar san ya faɗi.

"Lissafi na, ba hauka ba," in ji Kawu. Ya ce mutane na tsoron rahaji saboda tsawon ƙahonsa, alhali a wajensa shi ya fi sauƙi, don akwai fili tsakanin ƙahonnin. Wanda yake shakka shi ne mai gajeren ƙaho mai tsini da ya kalli gaba, irin wasu shanun Azawak da ke gangarowa daga wajen Tawa. Bokolo kuwa, gudalin Sakkwato, ƙahon nasa bai taka kara ya karya ba, ba wanda ke yin suna a kansa. Ya ce ka faɗa da wuri, sa bai sunkuya ba, ka haɗu da tsini; ka makara, ya riga ya ɗago, ka haɗu da tsini. Shi makara ya yi ranar da ya samu tabonsa. Na tambaye shi layu da gurayen fa? Ya yi dariya ya ce ranar ma da su ya shiga fili.

Ni abin da ya fi kama hankalina shi ne wasan yana da aikin da yake yi wa sana'a. Kafin firinji, sa in an yanka shi dole naman ya ƙare a ranar, abin da ya yi saura sai kilishi ko asara. Ƙaramin gari kuwa ba kullum yake iya cinye sa ba. Don haka tilas a sanar da mutane tun jajibiri, kuma kalangu ne mai sanarwa: ka ji shi da yamma, ka san gobe akwai nama. Zagaya gari da sa kuma shaida ce. Kowa ya gani da idonsa cewa dabbar da za a sayar masa gobe da ƙafarta take tafe, mai ƙiba ce, mai ƙarfin da za ta ɗaga ƙato sama, ba maras lafiya ba ce da aka yi wa gaggawar wuƙa. Talla da takardar likitan dabbobi ke nan a haɗe, kafin a san ɗayansu.

Kalangun kansa yana faɗa maka matsayin masu shi. A tsarin gargajiya kowane rukuni da abin kiɗansa. Tambari da kakaki da algaita na sarakuna ne, kotso da taushi na mawaƙan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sarkin Taushin Katsina, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma. Kalangu na mahauta ne, da 'yan damben da asalinsu su ma mahauta ne, da 'yan mata a dandali. Kiɗa ne mai magana, domin makaɗi na matsa tsarkiya yana saki, murya na hawa tana sauka yadda harshen Hausa ke hawa da sauka, har mai take ya ji an kira sunansa ba a buɗe baki ba. Da shi Ɗan Anace ya wasa Shago har sunansa ya kai inda ƙafarsa ba ta taka ba. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, shi ya shigar da kalangu zaurukan attajirai da gwamnoni da gidajen rediyo, har yau yaro bai san cewa da kiɗan 'yan kwata ba ne.

Mahauta tsofaffi ne a tarihin kasuwanninmu. A Kitabul Farƙi, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya jera zaluncin sarakunan zamaninsa, ya ambaci naman da mai kula da kasuwa ke karɓa daga mahauta kowace ranar kasuwa, wanda ake kira tawasa. Wato tun a farkon ƙarni na 19 rukuni ne sananne da hukuma ta san inda za ta same shi. Amma sani daban, daraja daban. Lokacin da masanin nan M. G. Smith ya yi rubutu kan matakan daraja a tsakanin Hausawa a 1959, mahauta da makaɗa a matakin ƙasa ya same su, kafaɗa da kafaɗa. Ka ga ke nan hawan ƙaho rana ce da waɗannan biyun, mai wuƙa da mai kalangu, ke tsayawa a ƙofar fada gari duka na kallonsu, sarki na yi musu kyauta. Ran nan ba wanda ke tuna warin kwata.

Kuma ba ruwan wasan da iyaka. Illela da Birnin Ƙonni tafiyar 'yan mintoci ce, kasuwar nan Lahadi ta can Laraba, layin da ya raba su kuwa Ingilishi da Faransawa ne suka yi ta jansa suna gogewa a kan takarda daga 1898 har 1906. Rundawan ɓangarorin biyu dangin juna ne. Kawu ya ce in ana biki a can da makaɗansu suke tafiya, kuma har gobe in zai ce Nijar, Faransa yake cewa.

Ƙasar Sifaniya ta shigo wannan magana ne ta hanyar aiki. Ina rubuta manhaja tare da mutanen da ke warwatse a ƙasashe daban-daban, a intanet muke haɗuwa. Na tura musu bidiyon san Illela don a yi dariya, na ɗan ba da labarin hawan ƙaho. Sai ɗaya daga cikinsu, mutumin kudancin Sifaniya, wanda ya tsani wasan sa na ƙasarsu kamar me, ya tambaye ni su wa ke yinsa a wajenmu. Na ce mahauta. Ya ce ai su ma nasu ta kwata ya biyo. A harshensu mai kashe sa a fili sunansa matador, kwata kuma matadero, tushensu ɗaya, kalmar kisa. Daga nan na shiga karatu.

Da farko wasan sa a Sifaniya na manya ne. 'Ya'yan sarauta ke yinsa a kan doki da mashi a ranakun biki, barorinsu na ƙasa riƙe da mayafai don janye hankalin sa in doki ya faɗi. Shugabannin addininsu ba su so shi ba. A 1567 Paparoma Pius na Biyar ya haramta shi, har ya ce wanda ya mutu a fili kada a yi masa jana'izar coci, amma Sifaniyawa suka yi kunnen uwar shegu, waɗanda suka gaje shi suka sassauta. Abin da haramci ya kasa, sauyin gidan sarauta ya yi. A 1700 Filib na Biyar, wanda ya tashi a fadar Faransa, ya hau gadon mulki, kuma wasan bai burge shi ba. Fadawa suka bi ra'ayin sarki suka sauka daga dawaki, fili ya rage wa mutanen ƙasa.

To, wa ya san sa a ƙasa, ido da ido? 'Yan kwata. A birnin Sebiya, wanda littattafan malamanmu ke kira Ishbiliya, kwata na kusa da unguwar San Bernardo, kuma samarin da ke aiki a cikinta sun saba tsokanar shanu a garke kafin yanka, mutane na hawa katanga suna kallo. A wannan unguwa aka haifi Costillares, ɗan gidan ma'aikatan kwata, wanda ake danganta wa wasu daga salon da ake bi har yau. Abokin hamayyarsa Pedro Romero na garin Ronda, wanda ya rayu daga 1754 zuwa 1839, ana cewa ya kashe sa fiye da 5,000 ba a taɓa yi masa mummunan rauni ba. Na ukunsu Pepe-Hillo, shi ma mutumin Sebiya, bai yi wani karatu ba, amma a 1796 aka buga littafin ƙa'idojin wasan da sunansa. Bayan shekara biyar, a 1801, sa ya kashe shi a filin Madrid, mai zanen nan Goya ya zana mutuwar tasa.

A daidai nan hanyarmu da tasu ta rabu. Su aka rubuta musu littafi, aka gina musu fili na dutse, irin na Ronda da aka buɗe a 1785, aka sa kuɗin shiga. An sake haramta wasan a 1805, bai yi ƙarko ba. A 1830 Sarki Farnando na Bakwai ya kafa makarantar koyon wasan sa a Sebiya, a jikin kwata, ya ɗora Pedro Romero a kanta. A shekarar ce kuma sarkin ya rufe jami'o'in ƙasar, abin da 'yan bokonsu ba su yafe masa ba har yau. Makarantar ba ta wuce shekara huɗu ba, amma an riga an gane cewa abin ya bar hannun mahauta, ya zama na ƙasa.

Yadda ake yinsa yanzu, sa shida ake fitarwa a yammaci guda, matador uku, kowa biyu. Shanun irinsu daban ne, don wannan kaɗai ake kiwonsu shekara huɗu zuwa biyar, kuma ba a barin su taɓa karawa da mutum a ƙasa kafin ranar, domin sa na koyo da sauri. Da farko mahayi a kan doki ya soke shi da mashi a doron wuya don ƙarfin ɗaga kai ya ragu. Sannan a kafa masa wasu sanduna masu ƙugiya bibbiyu. A ƙarshe matador ya fito da jan ƙyalle da takobi. Jan ba don sa ba ne, shi ba ya bambance ja, motsi yake bi. Duka-duka minti ashirin ne, kuma kusan kullum mutuwar sa ce ƙarshe. Babban filin Madrid, Las Ventas, da aka buɗe a 1931, yana ɗaukar mutum fiye da 23,000. Mutane ma na mutuwa: Manolete, gwanin zamaninsa, a 1947, da Víctor Barrio a 2016, ana nuna shi kai tsaye a talabijin. A ƙofar filin Madrid akwai mutum-mutumin Alexander Fleming, wanda ya gano maganin fenisilin, masu wasan ne suka kafa shi don godiya, saboda kafin maganin, ruɓar ciwon ƙaho ta fi ƙahon kansa kisa. Da na faɗa wa Kawu wannan sai ya shafa cinyarsa ya ce shi wata uku ya yi kwance.

Su ma suna da nasu kalangun, sai dai akwai kuskuren da ake yawan yi. Kiɗan da ake yi a cikin fili ba filamenko ba ne, kiɗan badujala ne mai suna pasodoble. Dangantakar filamenko da wasan sa ta unguwa ce da jini. Filamenko waƙa ce mai kama da kuka, da jita, da tafi, da rawar buga dunduniya a ƙasa, masu sauraro na jefa wa mawaƙi kalmar zuga kamar yadda muke cewa "a gaishe ka" in makaɗi ya taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Ta girma ne a kudancin ƙasar, a Sebiya da Kadis da Heres, mafi yawa a hannun mutanen da ake kira Hitano, al'umma mai asali daga Indiya da takardu suka nuna shigarta Sifaniya a 1425. An tsangwame su ƙarni bayan ƙarni. A 1749 aka yi musu kamun dare ɗaya, dubbai aka tsare, aka raba maza da mata. Sana'o'in da suka rage musu su ne ƙira, da dillancin dawaki, da aikin kwata. Akwai ma wani nau'in waƙar da ake kira martinete, na maƙera, wanda ba jita a cikinsa, sai murya, wani lokaci da bugun guduma a kan uwar maƙera.

Ɗaya daga manyan mawaƙan Kadis, Enrique el Mellizo, wanda ya rayu daga 1848 zuwa 1906, mai yanka ne a kwatar birnin, kuma a filin wasa shi ne mai ƙarasa sa da gajeruwar wuƙa bayan ya faɗi. Barunje ne sak, in da a Illela yake. Ba a taɓa ɗaukar muryarsa a faifai ba, amma salonsa na nan ana rerawa da sunansa, domin 'ya'yansa da almajiransa sun riƙe, masu alƙalami kuma sun bi su sun rubuta. Tun 1881 wani masanin al'adu, Antonio Machado Álvarez, ya tattara waƙoƙin filamenko ya buga. A 1922 mawallafin kiɗa Manuel de Falla da mawaƙi García Lorca da abokansu suka shirya gasa a Garanada don kada tsohon salon ya ɓace. Gwamnatin Janar Franco, wadda ta yi mulki daga 1939 zuwa 1975, ta tallata wa 'yan yawon buɗe ido sa da filamenko a matsayin fuskar Sifaniya. A 2010 UNESCO ta sa filamenko cikin jerin al'adun duniya. Waƙar maƙera da 'yan kwata ke nan.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa ɗaya ya aro daga ɗaya, don an ce Musulmi sun yi mulki a Andalus daga 711 zuwa 1492. Duk inda ake kai sa mai rai kwata, akwai saurayin da zai so gwada kansa, akwai kuma mai kiɗan da zai zuga shi. Wanda ma ya fi kama da namu ba a Sifaniya yake ba, a maƙwabciyarta Fotugal yake, inda mutum takwas ke shiga fili hannu rabbana su jeru, na gaba ya kira sa ya faɗa tsakanin ƙahonninsa, sauran su taru su danne. Ba ni na fara lura ba. Wani jami'in mulkin mallaka, A. J. N. Tremearne, ya rubuta gajeruwar maƙala a mujallar Man a 1910 yana kwatanta wasan sa na Nijeriya da na Fotugal, yana kiransa wasa maras zalunci.

Zan so in yarda da shi, amma rabi kawai na yarda. Gaskiya ne namu ba a sukar sa, ba a zubar masa da jini a fili, mutum ne ke sa kansa a haɗari, ƙarshen san kuma wuƙa mai kaifi da bisimilla, naman ya shiga tukunya. Amma sa da aka ja da igiya a ƙafa aka zaga gari da shi, aka murɗe masa wutsiya don ya fusata, ba hutu yake ba. Hadisin da ke cikin Arba'una na Nawawi, wanda yara ke haddacewa a Islamiyya, ya yi umarni da kyautata yanka da hutar da abin yankan. A 1987 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta haramta wasan sa tare da dambe. Kawu ma da bakinsa ya ce naman san da aka wahalar kafin yanka yakan yi duhu, ba ya jimawa, abin da masana nama suka tabbatar. Don haka ba na cikin masu cewa a dawo da komai yadda yake.

Ba ma sai an hana ba, zamani ya yi aikinsa. Garuruwa sun girma, ana yanka kullum, ba mai jiran kalangu ya gaya masa akwai nama, waya ta isa. Shanun da a da ake korowa da ƙafa suna kwana a gari, yanzu daga kara sai tirela. Babban sa maganar miliyan ake yi, ba mai shi da zai yarda a karya masa ƙafa saboda kallo. Wa'azi ya rushe kasuwar layu da guraye, kuma saurayin da ba ya jin akwai abin da ya dogara da shi ba ya faɗa wa ƙaho. Ga rufe iyaka, na 2019 da na 2023, ga ɓarayin shanu da 'yan bindiga da suka sa taron dare da tafiyar biki suka zama abin tunani. Ana dai ganin wasan jefi-jefi, a naɗin sarauta ko bikin nuna al'adu, ka ci karo da bidiyonsa a Facebook, an ɗora masa wata waƙar situdiyo a kan kalangun.

Sifaniya ma abin na ja da baya. Majalisar Kataloniya ta haramta shi a 2010, kotun tsarin mulki ta soke haramcin a 2016, amma ba a koma yi a can ba. A 2024 ma'aikatar al'adu ta soke kyautar ƙasa da take ba masu wasan. Abokin aikina addu'a yake ya ga ƙarshensa kafin ya mutu. Sai dai ko gobe aka rufe filayen, su ba su rasa komai na labari ba. Sun san sunan san da ya kashe Manolete, Islero, da garken da ya fito, da ranar. Ni Kawu ya lissafa mini gwanaye bakwai na zamaninsa tsakanin Illela da Gada da Gwadabawa da Ƙonni, kowa da takensa, kowa da makaɗinsa. Na nema a intanet ɗaya bayan ɗaya, da Hausa da Turanci da Faransanci, ban samu ko mutum ɗaya ba. Bikin kamun kifi na Argungu ya shiga jerin UNESCO a 2016, hawan Sallah na Kano a 2024, na kuma yi murna da su. Amma na lura dokin sarki ne aka rubuta, kamar kullum. Ni kaina da nake wannan ƙorafi, shekara nawa na yi ina cewa 'yan kasuwar dabbobi?

Makaɗin Kawu ya daɗe da rasuwa. Ɗansa kayan sauti yake haya a gidajen biki, kalangun uban na rataye a ɗaki fatar ta tsage. A dare na uku na ce, "Kawu, ko za ku kaɗa mini takenku in ɗauka?" Ya ce shi ya tuba daga wannan tun kafin a haife ni. Na yi shiru, muka ci gaba da hira a kan tsadar dusa. Can sai ya jawo kwanon da muka ci tuwo, ya kife shi a kan tabarma, ya fara bugawa da yatsu yana bi da baki, murya ƙasa-ƙasa don kada matan gida su ji. Na lallaɓa na danna waya. Bai yi nisa ba na ga ƙafarsa ta hagu ta fara rawa ita kaɗai, wuyansa ya miƙe. Ya dafe kwanon da tafin hannu.

"Kashe abin ga," ya ce.

Daƙiƙa arba'in da ɗaya na samu. Ya tashi ya naɗe tabarmarsa, ya kai ƙofar ɗaki ya juyo ya ce ranar Sallah in an sauko daga idi in zo in riƙe masa ƙafar rago, in kuma bar wayar a gida.